Rufewar kakanka ba ta gwamnati ba ce

Maganar da ke yawo a wayoyi da majalisun Sakkwato ita ce wai duk tsohon ginin ƙasa da ya haura shekara 100, ko rufewar gero ce a bayan gida, ya zama na gwamnati, wanda ya taɓa shi sai gidan yari. Har wasu na shirin rushe nasu tun kafin a zo. A dakata tukuna.

Dokar da ake nufi ta 1979 ce, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. Gaskiya ne ta ambaci abin da aka ƙera kafin 1918, kuma daga nan ruɗanin ya taso. Amma tsufa kaɗai bai sa gini ya shiga hannunta. Sai hukumar ta buga sanarwa a jaridar gwamnati, mai wuri ya samu damar ƙorafi, sannan a ayyana shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa. Irin wannan kariya ce aka ba kufan Surame, birnin Muhammadu Kanta, tun 1964. Rufewarka da rumbunka ba su bi wannan hanya ba.

Hukuncin kuwa na wanda ya rushe, ya ɓata, ya sauya fasali ko ya haƙa wurin da aka riga aka ayyana ne, da gangan: tarar naira 1,000 ko ninki biyu na darajar wurin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko duka. Naira dubun nan yau ba wani kuɗin kirki ba ce, shi ya sa ake mata dariya, a manta da ninkin da ɗaurin.

Inda na ga an bar baya da ƙura shi ne batun sauya fasali. Wanda ya san ginin ƙasa ya san yaɓe ne ransa. Kafin damina a kwaɓa laka da ciyawa a toshe tsaga, a ɗora sabuwar jinka, a duba duwatsun da rufewa ke zaune a kai don gara da danshi. Shekara biyu ba yaɓe, ciki ya fara zubewa. Doka ba ta fito fili ta raba wannan da ɓarna ba, don haka mai kula da wurin da aka ayyana ya nemi izinin hukuma a rubuce kafin ya sa magini aiki.

Sauran jama'a kowa ya yaɓe abinsa. Abin da ke cinye tsofaffin rufewoyi a ƙauyukanmu ruwan Agusta ne da kwanon rufi da bulon siminti, kuma babu sashen dokar da ya tanadi ko sisi ga manomin da ya riƙe tasa.