Waiwaye: Yadda gwajin ƙwaya a tseren keke ya bi 'yan wasa har ƙofar gida

Ranar 13 ga Yulin 1967 Tom Simpson, ɗan Ingila, ya faɗi daga kan kekensa a hawan dutsen Ventoux ana tsaka da Tour de France, babban tseren keke na Faransa, bai sake tashi ba. An samu amfetamin, wata ƙwayar ƙara kuzari, a jikinsa. A wancan zamani gwaji bai wuce a tare ɗan tsere bayan ya sauka a karɓi fitsarinsa ba. Dabarar tana da ma'ana, tunda ƙwayar kuzari ranar tsere ake haɗiye ta.

EPO ce ta ɓata wannan lissafi. Allura ce mai sa ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, masu kai iskar shaƙa ga tsoka. Makonni kafin gasa ake yin ta: maganin ya fice daga jiki cikin 'yan kwanaki, amfaninsa ya daɗe. Ranar tsere fitsari tas, jini kuwa ya yi kauri. Da yake babu gwajinta tukuna, a 1997 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yi ƙa'ida cewa duk wanda jajayen ƙwayoyi suka haura kashi 50 cikin 100 na jininsa sai ya huta mako biyu. Ita ta fitar da Marco Pantani daga gasar Italiya a 1999 yana kan gaba. Wasu kuwa ƙarin ruwa kawai ake yi musu jini ya tsinke kafin a ɗiba.

Ba ɗakin gwaji ne ya tona asiri ba, 'yan kwastan ne. A Yulin 1998 suka tare motar wani ma'aikacin ƙungiyar Festina a iyakar Beljiyam da Faransa, maƙare da magunguna. Shekara na zagayowa aka kafa WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, gwajin EPO a fitsari ya fito a 2000.

Yanzu babban ɗan tsere sai ya rubuta a manhajar WADA mai suna ADAMS inda zai kwana, da awa ɗaya kowace rana, tsakanin 5 na asuba da 11 na dare, da za a same shi. Jami'i ya ƙwanƙwasa ba sanarwa, ya tsaya a kansa har ya ba da fitsari aƙalla mililita 90, a raba kwalba biyu, A da B. Ana iya ajiye samfurin shekara 10 a sake duba shi. Kuskure uku cikin wata 12, na rashin samun sa ko na rashin rubuta inda yake daidai, laifi ne, ko ba a samu komai a jikinsa ba. Ƙarya kan wurin zama ita ta sa ƙungiyar Rabobank ta cire Michael Rasmussen daga Tour de France a 2007 yana sanye da rigar jagora: ya ce yana Meziko, aka gan shi a Italiya.

A 2008 UCI ta fara "fasfon jini", wato kwatanta jinin mutum da nasa na baya, ko maganin ya ɓace, sawunsa na nan. Tun 2021 ITA, hukumar gwaji ta ƙasa da ƙasa, ke gudanar wa UCI gwajin. Ɗaya daga cikin kafofin da suka rage ita ce ɗan mitsitsin EPO ta jijiya da daddare, wanda kafin gari ya waye ya kusa ɓacewa. Atisaye a kan tsaunuka ma yana motsa alƙaluman jini, ga shi nan halal, kuma shi lauyoyi kan fake da shi.