Dokar RERA ta Indiya: abin da take kare wa mai sayen gida daga waje, da abin da ta bar masa

Ba'indiyen da ke aiki a Dubai ko Landan, ko yake kasuwanci a Kano da Legas, in zai sayi filat a Mumbai ko Bengaluru, yawanci hoton kwamfuta yake gani da ɗakin gwaji da aka ƙawata, gidan kuwa ko bulo ba a ɗora ba. Dokar da ke tsakaninsa da kamfanin gini ita ce ta 2016 da ake kira RERA, wadda ta fara aiki gaba ɗaya ranar 1 ga Mayu, 2017. Kowace jiha da hukumarta: ta Maharashtra ita ce MahaRERA, Haryana kuwa biyu gare ta, a Gurugram da Panchkula.

Ba kowa ke da izinin saye ba. Ɗan Indiya mazaunin waje da mai katin OCI, wato katin da Indiya ke ba ɗan wata ƙasa mai asalin Indiya, suna iya sayen gidan zama ko shago, amma ban da gona da gidan gona. Baƙon da ba shi da asalin Indiya, kuma ba a can yake zaune ba, ba ya saye; haya ce tasa, ita ma kada ta wuce shekara biyar. Kuɗin kuma ta banki zai bi, ko dai a turo shi daga waje ko a cire daga asusun NRE, NRO ko FCNR, wato asusun da bankunan Indiya ke buɗe wa mazauna waje. Ba a biya da tsabar dala a hannu.

Duk aikin da filinsa ya haura murabba'in mita 500, kuma gidajensa suka wuce takwas, sai an yi masa rajista kafin a fara talla ko karɓar ko sisi. Lambar rajistar nan ita ce abu na farko da mai saye zai nema, ya shiga shafin hukumar jihar da kansa ya duba taswirar da aka amince da ita da ranar kammalawa. Ranar da ke shafin ita ce doka ta sani, ba wadda dillali ya faɗa a waya ba. A kuma duba ko lambar ta wannan benen ce, domin manyan ayyuka kashi-kashi ake yi musu rajista.

Kamfani ba shi da ikon karɓar fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin gida a matsayin kafin alƙalami sai an rubuta yarjejeniyar sayarwa an yi mata rajista. Kashi 70 cikin 100 na abin da masu saye suka biya kuma a asusu na dabam ake ajiye shi, ba a cirewa sai gwargwadon yadda gini ya tashi, da sa hannun injiniya da mai zanen gini da akanta. An yi haka ne don hana tsohuwar ɗabi'ar kwashe kuɗin wannan aiki a sayi fili a wani wuri. Irin wannan ce ta sa Kotun Ƙoli ta soke rajistar kamfanin Amrapali a 2019, ta miƙa wa NBCC, kamfanin gwamnati, ƙarasa gidajen.

Sai batun faɗi. A da ana sayar da filat da awon da ya haɗa har da rabon mutum a matakala da lifta da zauren shiga. Gidan da aka ce murabba'in ƙafa 1,500 ne, in aka zare kashi 30 cikin 100, abin da ya rage na shimfiɗa tabarma 1,050 ne. Yanzu dole yarjejeniya ta faɗi ainihin faɗin cikin gida: ana lissafa bangon da ya raba ɗakuna, amma ban da bangon waje da baranda. In awon ya gaza ranar miƙa makulli, kamfani zai mayar da kuɗin bambancin.

Inda ake shan mamaki shi ne takardar lissafi. Farashin da ke talla tushe ne kawai. A kansa ake ɗora kuɗin hawa, wato kowane bene sama da ƙarinsa, da kuɗin wuri in tagar tana kallon lambu, da kuɗin kulob, da jawo wuta da ruwa, da ajiyar kula da gini, a Haryana har da kuɗin raya unguwa. Dokar ba ta haramta yawancinsu ba. Abin da ta nema shi ne su fito a jimillar farashi cikin yarjejeniya, don kada a ɓullo da su daga baya. Wurin ajiye mota na fili kuwa na kowa ne, ba a sayar da shi, kuma Kotun Ƙoli ta faɗi haka tun 2010. Sannan ga na gwamnati: harajin kaya da hidima, wato GST, kashi 5 cikin 100 a kan gidan da ake kan ginawa, wanda babu shi in gini ya riga ya samu takardar kammalawa, harajin hatimi da ke kaiwa kashi 5 zuwa 7 a yawancin jihohi, da kuɗin rajista kamar kashi 1. Gidan rupee miliyan 10, kafin a taɓa kuɗin kulob ko na mota, haraji kaɗai ya haura miliyan ɗaya. In farashi ya kai rupee miliyan 5, mai saye ne zai cire kashi 1 ya biya wa hukumar haraji da sunan kamfanin, kuma in ya manta tarar a kansa take.

Ingancin gini shi ne inda dokar ta fi rauni, a ganinmu. Hukumar ba ta tura kowa ya auna kaurin rodi ko ya duba haɗin siminti da yashi. Abin da sashe na 14 ya bayar shi ne wa'adi: duk lahanin da ya bayyana a ginin ko a aikin hannu cikin shekara biyar daga ranar karɓar gida, in an sanar da kamfani, sai ya gyara kyauta cikin kwana 30, in ya ƙi ya biya diyya. Matsalar mazaunin waje ita ce agogon yana tafiya ko gidan a kulle yake. Yoyon banɗakin maƙwabcin sama yakan ɗauki damina biyu yana jiƙa silin kafin fenti ya fara ɓarewa, kuma in ba mai shiga, ba mai gani.

Don haka ranar karɓar makulli a ɗauki injiniya mai zaman kansa, ba na kamfani ba. Ya bubbuga tayil ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi ƙarar gwangwani babu siminti a ƙarƙashinsa. Ya toshe magudanar banɗaki ya tara ruwa ya kwana, a duba silin na ƙasa. Ya zuba ruwa a baranda ya ga ko waje yake gangarawa ko ɗaki. Ya gwada kowane soket da wayar lantarki ta kariya da ake haɗawa da ƙasa, ya auna laimar bango, ya bambanta tsagar filasta da tsagar da ta ratsa ginshiƙi. A rubuta komai da hoto da kwanan wata, a aika wa kamfani ta imel kafin a sa hannu a takardar karɓa, domin sau da yawa akwai layin da ke cewa mai saye ya gamsu da komai. Kada kuma a karɓi makulli ba tare da takardar izinin zama daga hukumar gari ba, ko da an ce a shiga a fara gyare-gyare.

In an yi jinkiri, sashe na 18 ya ba da zaɓi biyu: a janye a karɓi kuɗi duka da kuɗin ruwa, ko a zauna ana karɓar kuɗin ruwa kowane wata har a miƙa gida. Ana shigar da ƙara ta intanet, kuma doka ta so a yanke hukunci cikin kwana 60, ko da yake yakan wuce haka. Cin shari'a dabam, karɓar kuɗi dabam: in kamfani ya ƙi biya, takardar karɓo bashi ofishin gunduma take tafiya, can kuma takan jima a kan tebur.

Wanda ba zai iya zuwa ba zai wakilta wani da takarda. A taƙaita ta ga wannan gida da ayyukan da aka lissafa, ba wakilci a kan komai ba, a sa mata hannu a ofishin jakadancin Indiya, sannan a biya mata harajin hatimi cikin wata uku da isarta ƙasar.