Waiwaye: yadda kujerar amintattu ta koma rawanin girmamawa

Tun ranar 7 ga Agusta 2020 da aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda aka fi sani da CAMA, ƙura ba ta gama lafawa ba a kan sashe na 839. Shi ne ya buɗe ƙofar dakatar da amintattun ƙungiya, wato waɗanda aka damƙa wa riƙon dukiyarta, a naɗa mata shugabannin riƙo, idan an samu almundahana ko sakaci da dukiyarta. Abin ya shafi masallatai, coci-coci, gidauniyoyi da ƙungiyoyin ci gaban gari. Wasu na cewa katsalandan ne a harkar addini, wasu na cewa ai an daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa. A 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce sashen ya saɓa wa tsarin mulki, amma har yau bakin mutane bai mutu ba.

Masu bin diddigi sukan tsaya a 2016, shekarar da aka kai ƙudurin sa ido kan ƙungiyoyi masu zaman kansu gaban Majalisar Wakilai, aka kuma fito da ƙa'idar da ta ce kada shugaban ƙungiya ya wuce shekara 20 a kujera ko ya haura 70 da haihuwa. Hayaniya ta tashi, aka jingine ƙa'idar a Janairun 2017. Masu dogon tunani kuma sukan koma can baya: gayya da adashi, dokar 1924 da Turawa suka yi don ƙungiyoyi su iya riƙe fili da sunan amintattu, kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, da FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, a Minna a 1985. Duk wannan sananne ne.

Shekarar da ake tsallakewa ita ce 1990, kuma a ganina nan gizo yake saƙa.

A wannan shekara aka yi dokar kamfanoni ta farko mai wannan suna, aka kafa hukumar rajista ta CAC, aka ware babi guda don amintattu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba har yau: ba ƙungiyar ake yi wa rajista ba, amintattunta ake yi wa. Su doka ta sani. Fili, gini da mota duk da sunansu ake riƙewa, su ke kai ƙara, su ake kaiwa. Dokar ta yarda ko mutum ɗaya ne ya zama amintacce, sai a 2020 aka mayar da su aƙalla biyu. Sharuɗɗan ba su da yawa: kada ya zama ƙaramin yaro, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta ayyana arzikinsa ya karye, ko wanda aka ɗaure kan zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Wa'adinsa da yadda za a cire shi kuwa, an bar wa kowace ƙungiya ta rubuta a tsarin mulkinta.

Wannan 'yanci ne babba aka ba mu, kuma ya zo a kan gaɓa. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya sa unguwanni sun koma gina ajinsu da haƙa rijiyarsu da kansu. Bayan 1999 kuma masu ba da tallafi daga waje suka yawaita. Banki na son ganin takardar rajista kafin ya buɗe asusu, mai tallafi ma haka, kuma suna da hujja. Sai mu muka ɗauki takardar tamkar tikitin shiga, muka manta cewa rabon iko ne muke rubutawa.

Na ga yadda ake yi da idona, a zauren da muka cike fom ɗin Islamiyyar unguwarmu. Sakatare na riƙe da biro yana tambaya, wa za mu sa? Aka ce a sa Alhaji, tunda shi ya ba da filin. A sa Malam, don albarka. A sa mai unguwa, kada ya ji an raina shi. A sa babban ɗan Alhaji da wani ɗan kasuwa da ke zaune a Legas. Cikin minti goma an gama. Tsarin mulkin kuwa lauya ne ya kawo shi a shirye da Turanci, muka canza suna kawai, kuma a ciki akwai layin da ya ce amintacce zai riƙe kujerarsa har ƙarshen rayuwa. Babu wanda ya nemi a fassara mana. Ni ma ina wurin, ban nema ba, kuma abin yana damuna har yanzu.

Dukansu mutanen kirki ne, ba a taɓa zargin ɗayansu da taɓa ko sisi ba. Matsalar ita ce ba a gaya musu aiki aka ba su ba. A wajensu girmamawa ce, kamar a kira ka uban taro. Ba su taɓa zama su biyar sun buɗe littafin ma'aji ba, ba su taɓa tambayar rasit ba. Wa zai tambayi Alhaji rasit a kan ginin da ya fara da kuɗinsa? Kunya ta hana. A gayya ta da, kowa na ganin kunyar da aka nome da wadda aka bari, a adashi kuma uwar adashi ta san ranar kwasa mai zubi zai tsaya mata a ƙofa. Takarda ta ɗauke dukiyar daga idon jama'a ta kai ta hannun mutum biyar, mu kuma ba mu gina wani idon a madadinsa ba. Babban taron shekara, inda ya kamata a karanta lissafi, ya koma walimar saukar ɗalibai.

Shi ya sa ƙungiyoyinmu da yawa ba sa jure mutuwar wanda ya kafa su. Da Alhaji ya rasu, takardar rajista da hatimi suna cikin akwatinsa, magada suka lissafa filin makarantar cikin gado, kuma da zuciya ɗaya suka yi, don su ma ba wanda ya taɓa yi musu bayani. Asusun banki ya tsaya saboda shi ne babban mai sa hannu. Malamai suka yi wata huɗu ba albashi.

Sashe na 839, kamar yadda aka rubuta shi a 2020, ya ba kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙungiya damar kai koke kotu. Mu da muka zauna lissafi sai muka tarar ba mu da ko rajistar 'yan ƙungiya, balle mu san nawa ne kashi ɗaya cikin biyar ɗinmu. Sauya amintattu kuma sai an kira babban taro an zartar, an buga sanarwa a jarida, an jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Mun fara da sayen littafin rajista, muna bi gida-gida muna rubuta sunaye. Daga cikin sunaye biyar da ke kan takardarmu, uku sun riga mu gidan gaskiya.