Kafin Ka Cike Fom Ɗin Karatun Akanta, Binciki Makarantar

Duk shekara ana samun matasan da suka kwashe shekara uku ko huɗu suna karatun akanta, suka karɓi takardar digiri, sai ranar da suka je yin rajista da ƙungiyar ƙwararrun akantoci aka shaida musu cewa ba a san da kwas ɗinsu ba. Makarantar tana da rajista, ga gini, ga malamai, amma kwas ɗin ba ya cikin waɗanda ƙungiyar ta amince da su. Sai mutum ya koma ya fara jarrabawar ƙwarewa daga tushe, kafaɗa da kafaɗa da wanda bai taɓa shiga ajin akanta ba. Binciken yini guda ya isa ya hana wannan asara, shi ya sa muke kira ga ɗalibai da iyaye da su yi shi tun kafin a biya kuɗin fom.

A kusan kowace ƙasa, digiri kaɗai ba ya ba mutum ikon sa hannu a rahoton binciken kuɗin kamfani a matsayin odita. Wannan iko yana hannun ƙungiyar ƙwararru ko hukumar da doka ta ɗora wa aikin. A Ingila akwai ICAEW da aka kafa a 1880, akwai kuma ACCA wadda asalinta ya koma 1904, take kuma da ɗalibai a ƙasashe masu yawa. A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisin CPA, wato lasisin ƙwararren akanta. Indiya na da ICAI, Najeriya na da ICAN, Ghana na da ICAG. Dokokinsu sun bambanta, amma dukkansu abu uku suke nema: ilimi, cin jarrabawarsu, da aikin horo a ƙarƙashin ƙwararre na tsawon shekara ɗaya zuwa uku, gwargwadon ƙungiya. Makaranta ita ke ba ka na farko, tana iya rage maka nauyin na biyu, tana kuma iya buɗe maka ƙofar na uku. Don haka zaɓen makaranta daga ƙarshe ake faro shi. A wace ƙasa kake son yin aiki? Wace takarda ake nema a can? Sai ka amsa waɗannan sannan ka nemi makarantar da hanyarta ta fi miƙewa zuwa ga takardar.

Amincewa iri biyu ce, kuma a nan aka fi ruɗewa. Akwai amincewar hukumar ilimi ta ƙasa, wadda ke nuna cewa makarantar halastacciya ce kuma tana da izinin ba da digiri ko difloma. Akwai kuma amincewar ƙungiyar ƙwararru, wadda ba makaranta baki ɗaya ake ba ba, kwas guda ake ba, da sunansa, na wasu shekaru ƙayyadaddu. Jami'a na iya yin suna a fannin likitanci ko injiniya alhali sashenta na akanta ba shi da wannan amincewa ta biyu. Tana iya samun amincewa a digirin akanta, amma ba ta da ita a digirin gudanar da kasuwanci mai ɗan darasin akanta a ciki, ko da a aji ɗaya ɗaliban suke zama wani lokaci. Haka nan amincewar da aka ba babbar harabar jami'a ba lalle ta shafi reshenta ba, ko wata kwaleji da ke koyarwa da sunanta, ko tsarinta na karatu ta intanet.

Kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a allon talla ko takardar da makarantar ta raba. Shiga shafin ƙungiyar ƙwararrun da kanta, ka nemi jerin kwasa-kwasan da ta amince da su, ka duba abu huɗu: sunan makarantar, cikakken sunan kwas ɗin harafi da harafi, harabar da ake koyar da shi, da shekarun da amincewar ta shafa. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Idan amincewar za ta ƙare kafin shekarar da za ka kammala, rubuta wa shugaban sashen ka tambaye shi ko an nemi sabuntawa, kuma ka nemi amsar a rubuce. Sashen da ke tsaye da ƙafarsa ba ya jin nauyin wannan tambaya. Idan aka shiga yi maka kwana-kwana, ko aka ce "ana kan hanya", ka ɗauka babu har sai ka gani.

Amfanin wannan amincewa a bayyane yake idan aka dubi tsarin ACCA na yanzu. Takardun jarrabawa 13 ne: uku a matakin farko, shida a na tsakiya, huɗu a matakin ƙarshe. Wanda ya yi digirin da ta amince da shi sosai ana iya ɗauke masa har tara na farko, wato a yafe masa rubuta su, ya rage masa huɗu. Wanda kwas ɗinsa bai cika sharuɗɗa ba yana iya samun ƙasa da haka nesa. Matakin ƙarshe kuwa ba a ɗauke wa kowa, haka ma darasin ɗa'ar aiki da watanni 36 na aikin horo. Kuma takardar da aka ɗauke maka ba kyauta ba ce, akwai kuɗin da ake biya a kanta, sai a sa shi cikin lissafi tun yanzu. A Amurka an daɗe ana neman awa 150 na darussan jami'a (ma'aunin nauyin darussa ne, ba awannin agogo ba) kafin a ba da lasisin CPA, alhali digirin shekara huɗu awa 120 ne, wato kusan shekara guda ce ƙari. Wasu jihohi sun fara buɗe wata hanya ta ƙara shekarun aiki a madadin ƙarin darussan, don haka mai niyyar can dokar jihar da yake so zai karanta, ba ta ƙasar gaba ɗaya ba. Irin waɗannan dokoki suna canjawa, kuma abin da yayanka ya tarar shekara biyar da suka wuce ba lalle shi za ka tarar ba.

Akwai wani tarko a cikin ɗauke jarrabawa wanda ya kamata a faɗe shi ƙarara. Idan aka ɗauke maka takardar binciken kuɗi ta matakin tsakiya saboda makarantarka ta koyar da darasin, ƙungiyar ta ɗauka ka iya shi ke nan. Takardar binciken kuɗi ta matakin ƙarshe a kansa aka gina ta, kuma tana cikin waɗanda aka fi faɗuwa. Wanda aka koya masa darasin sama-sama, ya haddace ma'anoni ya ci jarrabawar aji, a nan asirinsa ke tonuwa. Saboda haka yawan takardun da makaranta ke sa a ɗauke wa ɗalibanta rabin labari ne. Sauran rabin shi ne yadda take koyarwa.

Nemi manhajar kwas ɗin, zango bayan zango, ka karanta. A shekarar farko ya kamata ka ga tushen ajiye lissafi: shigar da kowace mu'amala a gida biyu, debit da kiredit, tsarin da Luca Pacioli, masanin lissafi ɗan Italiya, ya bayyana a littafinsa na 1494 kuma har yau a kansa ake tafiya. Daga nan sai shirya bayanan kuɗi na ƙarshen shekara, lissafin kuɗin da ake kashewa wajen samar da kaya, tsara kasafi, haraji, dokar kamfanoni da ta kwangila, sarrafa kuɗin kamfani, da ƙididdiga. Idan haraji ko doka ba sa ciki, ko an mai da su darasin ganin dama, wannan giɓi ne da za ka cike da kanka daga baya. Duba kuma da wane ma'auni ake koyar da shirya bayanan kuɗi. Ƙasashe sama da 140 suna aiki da ma'aunin duniya da ake kira IFRS, Amurka na da nata ma'aunin da ake kira GAAP, ƙasashen Afirka 17 na ƙungiyar OHADA, masu dokar kasuwanci iri ɗaya, kuma suna bin nasu mai suna SYSCOHADA. Wanda ya yi karatu da ɗaya ya je aiki inda ake amfani da wani zai iya koyo, amma gara ya san da haka tun farko.

Darasin aikin odita shi ne inda muke son a fi tsayawa, domin a nan makarantu suka fi bambanta. Zango ɗaya bai isa ba. Kwas mai kyau yakan ba shi aƙalla biyu, na tushe da na zurfi. Tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe ko an taɓa ba su fayil ɗin wani kamfani na gwaji aka ce su bincika. Sun taɓa daidaita littafin kuɗin kamfani da takardar banki, suka gano dalilin saɓanin da ke tsakani? Sun san yadda ake yanke girman kuskuren da ya isa ya canja ra'ayin mai karanta rahoto? Sun san yadda ake zaɓen samfurin rasit daga cikin dubbai, da yadda ake halartar ƙidayar kaya a sito, da dalilin da ya sa mai karɓar kuɗi bai kamata ya zama shi ke rubuta su a littafi ba? Sun iya bambance ra'ayoyi huɗu da odita ke iya bayarwa: cewa lissafi ya inganta, ko ya inganta ban da wani ɓangare, ko bai inganta ba, ko kuma ba a sami isasshiyar hujjar faɗin komai ba?

Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. A 2020 kamfanin Wirecard na Jamus ya durƙushe bayan ta bayyana cewa Yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankunan Filifin babu su. Ɗaya daga cikin dabarun farko da ake koya wa odita ita ce ya nemi tabbaci kai tsaye daga banki, kada ya dogara da takardar da ta biyo ta hannun wanda yake bincika. Kafin nan, rushewar kamfanin makamashi na Amurka Enron a 2001 ta tafi da Arthur Andersen, ɗaya daga manyan kamfanonin odita biyar na duniya a lokacin, ta kuma haifar da dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta tsaurara sa ido kan rahoton kuɗin kamfanoni a Amurka. Malamin da ke kawo irin waɗannan misalai cikin aji, yana tilasta wa ɗalibi ya ce "nuna mini hujja", shi ke gina odita. Ɗa'ar aiki ma a nan take shiga: gaskiya, rashin son kai, ƙwarewa da kula, riƙe sirri, da kyakkyawan hali, ginshiƙai biyar da ƙa'idar duniya ta akantoci ta tsaya a kai.

Game da malamai, tambaya ɗaya ta isa: nawa ne cikinsu ke riƙe da takardar ƙwarewa kuma suka taɓa yin aikin a zahiri? Digirin digirgir yana da amfaninsa, amma haraji da binciken kuɗi suna buƙatar wanda ya taɓa zama da fayil.

Kwamfuta kuma ba a koyon ta a kan allo. Shiga ɗakin kwamfutar sashen da idonka, ka ƙirga masu aiki, ka kwatanta da yawan ɗalibai. Akanta na yau dole ya iya Excel sosai, har ya haɗa bayanai daga shafuka daban-daban ya tace su, ya kuma taɓa aiki da aƙalla manhajar lissafi guda kamar QuickBooks ko Sage. Manyan kamfanoni kuma manhajar SAP da makamantanta suke amfani da su. Mai sha'awar binciken tsarin kwamfuta akwai takardar CISA a gabansa, mai son zama odita na cikin gida kuma akwai CIA, wadda IIA, cibiyar oditocin cikin gida, ke bayarwa. Wani abin da ɗalibai ba sa tsammani shi ne yawan rubutu. Lissafin da ke cikin aikin bai wuce tarawa da ɗebewa da kaso cikin ɗari da ɗan ƙididdiga ba, amma odita kullum cikin rubuta bayani yake, kuma jarrabawar matakin ƙarshe yawancinta rubutu ne. Makarantar da duk jarrabawarta ta zaɓi-ɗaya ce ba ta shirya ka ba.

Sai batun horo a wurin aiki. Tambayi ko kwas ɗin ya tanadi watannin da ɗalibi zai yi a ofis, ko makarantar ce ke samo gurbin ko ɗalibi ake bari da yawon nema, da kuma waɗanne kamfanoni suka ɗauki ɗaliban bara. Ba sai manyan kamfanonin odita huɗu na duniya, Deloitte, PwC, EY ko KPMG, ba. Ƙaramin ofishin odita sau da yawa yakan ba sabon shiga damar ganin aiki daga farko har ƙarshe, abin da a babban kamfani sai ya shekara bai gani ba. Abin dubawa shi ne ko akwai ƙwararre mai rajista da zai sa hannu a littafin horonka, domin wasu ƙungiyoyin ba sa ƙirga watannin da aka yi a wurin da ba su amince da shi ba.

Wajen lissafin kuɗi, kada a tsaya ga kuɗin makaranta. A haɗa da rajistar ƙungiyar ƙwararru, kuɗinta na shekara-shekara, kuɗin kowace takarda, littattafai, da yiwuwar maimaita takarda ɗaya ko biyu, domin ƙalilan ne ke wucewa ba tare da sun maimaita ko ɗaya ba. Idan aka tara haka, makaranta mai tsada kaɗan da ke sa a ɗauke takardu da yawa tana iya fin mai araha sauƙi a ƙarshe. Wanda kuma halin jami'a bai samu ba, ƙofa ba ta rufe ba: ƙungiyoyi da dama suna da matakin ƙananan akantoci da ake shiga da takardar sakandare ko difloma, mutum yana aiki yana hawa.

Duk makarantar da ka zaɓa, tun ranar farko ka buɗe fayil. Ajiye takardar shigarka, manhajar kwas ta shekarar da ka shiga, bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa, da sakamakon kowane zango. Makarantu suna canja sunayen darussa, kuma ranar da za ka nemi a ɗauke maka jarrabawa, ko ka nemi rajista a wata ƙasa, waɗannan takardu za a ce ka kawo.