Waiwaye: Yadda aka auna jinkirin jiki wajen shan oksijin

Duk wanda ya taɓa zabura daga zaune ya sheƙa da gudu ya san haki ba nan take yake zuwa ba. Sai ƙafa ta yi nisa kafin ƙirji ya farga. Wannan ɗan jinkirin masana suka shafe fiye da shekara 100 suna neman aunawa.

Tun a 1790 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Lavoisier, ya nuna a Faris cewa mai aiki ya fi mai hutu shan oksijin. Amma awon bai zauna da gindinsa ba sai da Douglas na Jami'ar Oxford ya fito da jakarsa a 1911, wani ƙaton buhu da mutum ke fesa numfashi a ciki ta bututu, daga baya a bincika iskar. A.V. Hill, wanda ya samu kyautar Nobel ta 1922, da kansa yakan goya jakar ya yi ta zagaya fili da gudu a Manchester. A 1923 shi da abokin aikinsa Lupton suka nuna shan oksijin yana da iyaka, kuma jiki kan ci "bashin oksijin" ya biya bayan an tsaya.

Jakar fa tana da aibi. Numfashin rabin minti ko minti guda take cakuɗawa wuri ɗaya, alhali abin da ake nema a 'yan sakanni yake faruwa.

Kwamfuta ce ta warware wannan. A farkon shekarun 1970, masana Wasserman, Whipp da Beaver a California suka fara auna kowane numfashi ɗaya bayan ɗaya, mutum na bisa keken gwaji ana ƙara masa nauyi farat ɗaya. Nan aka ga sakan 15 zuwa 20 na farko, jini ne kawai ya ƙaru zuwa huhu. Bayansa sai awon shan oksijin ya hau da sauri, alamar tsoka ta kama aiki, ya daidaita cikin minti 2 zuwa 3 in aikin matsakaici ne. Ɗan tsere kan daidaita da wuri, tsoho da mai ciwon zuciya kuwa sai sun ɗau lokaci, shi ya sa likitoci suka shigo zancen.

In aikin ya yi tsanani, awon ba ya daidaituwa da wuri, sai ya yi ta hawa a hankali ko da ba a ƙara nauyi ba. Har yau ana jayayya kan asalin jinkirin: jini ne ke makara da kai oksijin, ko tsoka ce ke nawar karɓa?