Cikon bargo

Cikon bargo shi ne abin da ake shimfiɗawa tsakanin yadin sama da na ƙasa kafin a bi su da ɗinki a haɗe su ukun wuri guda. Shi ke riƙe ɗumi, kuma shi ne yake sa bargo ya yi laushi ya bi jikin mai barci ko kuma ya sanƙare, duk kyan yadin da aka sa a waje. Galibi ana yin sa da auduga, ulu, poliyesta, siliki ko zaren da aka samo daga gora, ko a gauraya biyu.

Tarihi

Ɗinka yadi da ciko a tsakiya tsohon aiki ne sosai. Akwai wani ɗan mutum-mutumi na hauren giwa daga tsohuwar Masar da ake ganin rigar jikinsa irin wannan ɗinki ce, wasu na kai shekarunsa wajen dubu biyar. A Turai mayaƙa sun riƙa sa riga mai ciko a ƙarƙashin sulke. Ɗaya daga cikin tsofaffin bargunan da suka rage shi ne wanda aka ɗinka a tsibirin Sisili na Italiya wajen ƙarshen ƙarni na 14, yadin lilin ne aka cusa masa auduga, wani ɓangarensa yana Landan wani kuma yana birnin Fulorans na Italiya.

A da kowa da abin da ya samu yake ciko. Mutanen yankin Wales na Birtaniya sun fi sa ulun tumakinsu da tsofaffin barguna, a Indiya kuwa auduga ake shiɓawa har ta yi sakayau, a yankin Bengal ma ba a sa ciko, tsofaffin zannuwa ake jerawa a ɗinke, shi ya sa nasu ke da laushi matuƙa. Bayan Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a 1793 auduga ta yi araha a Amurka, amma har yanzu in aka ɗaga wasu tsofaffin barguna ga haske ana hango angurya da ɓawo a ciki. Kamfanin Stearns & Foster na birnin Cincinnati a Amurka, wanda aka kafa a 1846, yana cikin na farkon da suka fara sayar da cikon auduga a shimfiɗe. Matsalar wannan tsohon ciko ita ce yana dunƙulewa in an wanke, dole a yi ɗinki kusa-kusa sosai. Poliyesta an ƙirƙiro shi a Ingila a 1941, ya shiga harkar bargo wajen shekarun 1950.

Ire-irensa

Auduga ba ta da kauri, tana da ɗan nauyi, kuma iska na ratsa ta. Sabuwa takan ɗan yi tauri amma tana ƙara laushi da kowane wanki, sannan tana motsewa kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wannan motsewar ce ke ba bargo ƴan tattarewar nan da masu ɗinki da yawa ke so.

Ulu kam yana da wuya a samu kamarsa in ana son laushi da ɗumi ba nauyi, yana tasowa, alamar ninki ba ta zama a jikinsa, allura kuma na shiga cikin sauƙi ga mai ɗinkin hannu. Sai dai yana da tsada kuma ba ya son ruwan zafi.

Siliki da na gora su suka fi kowa kwanciya a jiki. Na gora akasari an sarrafa shi ne da sinadarai ya koma zaren reyon, kuma maganar da ake yi wai yana kashe ƙwayoyin cuta ana jayayya a kanta.

Poliyesta yana da araha, ba ya motsewa, amma mai kaurinsa kumbura yake yi maimakon ya kwanta, kuma zarensa kan ɓullo ta jikin yadi, abin ya fi fitowa a baƙin yadi. Gaurayen da aka fi sani shi ne auduga kashi 80 poliyesta kashi 20.

Abin da ke kawo laushi

Ba irin zaren kaɗai ba ne. Wasu masana'antu na haɗa wata siririyar raga ta roba a jikin cikon don kar ya yage, tana ba da damar a bar tazarar inci 8 zuwa 10 tsakanin layukan ɗinki, amma tana ɗan rage laushi. Wanda aka manne da danƙo ma yakan fi tauri. Sai yawan ɗinki, wanda mutane da dama ke mantawa da shi, don ko siliki aka sa in aka cika shi da ɗinkin keke kusa-kusa sai bargon ya sanƙare. Shi ya sa mai neman bargon rufa yake zaɓar ciko marar kauri ya sassauta ɗinki iya tazarar da aka rubuta a jikin ledar cikon, mai son na ratayewa a bango kuwa taurin ne ma yake nema. Masu ɗinki kan yanki ƙyalle su gwada, su wanke su shanya, kafin su taɓa babban bargon.