Kufcewar fitsari ga mai juna biyu

Kufcewar fitsari ga mai juna biyu ita ce zubar fitsari ba da niyya ba, galibi idan mace ta yi tari, atishawa ko dariya, ko ta ɗaga kaya mai nauyi. Ta fi tsananta a watanni uku na ƙarshe. Ta bambanta da yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke haddasawa, ake kuma yi wa aiki a wurare irin su Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Zariya.

Musabbabi

Mahaifa na girma tana danne mafitsara, sinadaran projestaron da rilaksin kuma suna sassauta tsokokin ƙasan ƙugu masu riƙe fitsari.

Abubuwan da ke ƙara haɗari

Babba a cikinsu shi ne haihuwar baya. Kowace haihuwa ta farji tana miƙar da waɗannan tsokoki, balle idan jaririn ƙato ne ko naƙuda ta daɗe. Wadda ta taɓa fama da matsalar kafin ciki ta fi kusa da sake gamuwa da ita. Sai ƙiba, yawan shekaru, ciwon suga da cutar mafitsara. Taurin bayan gida, wanda maganin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo kan jawo, yana sa yawan yunƙuri. Haka ma tari mai naci, irin na ƙurar hunturu a Kaduna ko hayaƙin murhun itace. Masana sun saɓa kan ko haihuwa ta tiyata na kare mace daga matsalar har abada.

Abin tausayi, wasu kan rage shan ruwa don alwala ta daɗe, alhali hakan na ƙara taurin bayan gida. Kunya kuma takan hana su faɗa wa ungozoma, ko da ruwan da ke zuba na faya ne, wanda ke bukatar asibiti nan take.

Tarihi

Ana jin takardar Ebers ta tsohuwar Masar, wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ambaci magungunan matsalar fitsari. A 1948 likitan mata na Amurka, Arnold Kegel, ya wallafa hanyar motsa tsokokin ƙasan ƙugu: a matse su kamar ana riƙe fitsari, a saki, a maimaita kullum. Har yau da ita ake fara magani.